Abin da aka ce kan gwajin tuƙi a wajen VIO, jami'an duba ababen hawa

Da aka zauna da malaman tuƙi da waɗanda suka riga suka ci gwajin, bakinsu ya zo ɗaya kan takardu: shekarunka su kai 18, ka riƙe shaidar makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ta amince da ita, da takardar izinin koyo. In babu su, ba za ka ma taɓa sitiyari ba.

Ribas aka fi daɗewa a kai, don nan ake yawan faɗuwa. Aka ce ka nemi fili, ka jera duwatsu, ka yi ta shiga tsakaninsu da baya har ƙafarka ta san inda kuloci ke kamawa. Haka tashi a kan tudu: birkin hannu a ja, totur kaɗan, a saki kuloci a hankali.

Kafin ka motsa, ɗaura bel, gyara madubai, ba da sigina. Jami'in VIO da ke gwada ka yana lura da duk wannan. A shataletale, wanda ke ciki ake bari ya wuce.

Wasu sun ce a je da mota mai atomatik don sauƙi. Ni dai a ganina motar da hannunka ya saba da ita ta fi.