Shirin walwalar ma'aikata: wa ya taɓa amfana?

Ma'aikacin banki: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗauko mana mai horarwa a ofis, kwana biyu yana koya mana jan numfashi da juriya. Da aka watse, na tarar aikin kwana biyun ya taru a tebur, sai ƙarfe tara na dare na tashi. Ku da aka yi muku irin wannan, ya tsinana muku wani abu?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Mu jadawali aka gyara mana. A da sai mutum ya yi aikin dare huɗu a jere, har allura na rawa a hannunsa. Sabuwar shugabarmu ta hana wuce dare biyu, ta kuma bari mu riƙa musanya tsakaninmu ba sai da takarda ba. Cikin wata guda ciwon kan da nake tashi da shi ya tafi. Ai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari a kan mai awa 35 zuwa 40. Numfashi ba zai rage awa ba.

Akanta: Namu abin dariya ne. An kawo mai ba da shawara kan damuwa, aka ba shi ofis ƙofa da ƙofa da na manaja. Wa zai shiga a gan shi? Bawan Allah ya yi ta gyangyaɗi shi kaɗai.

Injiniya: Malam, kar a yi musu kuɗin goro. Bayan rasuwar mahaifina na kasa barci, aiki ya gagare ni. Ta waya na riƙa magana da mai ba da shawarar da kamfani ya biya, ko shugabana bai sani ba. Da ba don haka ba, da na ajiye aikin.

Akanta: Allah ya jiƙansa, ɗan uwa. To ka ga, naka an rufa maka asiri.

Sakatariya: Ni saƙon WhatsApp na sha ɗayan dare ne ya ishe ni. Faransa tun 2017 take da dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin kashe wayar aiki bayan tashi. Mu roƙo muka yi a taron sashe, oga ya yarda. Yakan manta dai, amma yanzu yana haɗawa da "sai da safe".

Ma'aikacin banki: Gobe za a raba mana fom ɗin jin ra'ayi kan horon. Hajiya, maganar awa 55 ɗin nan zan rubuta.