Tsohon hoton titi a adakar kakana, ya zan gane shekarar da aka ɗauke shi?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masana tarihi da tsofaffin direbobi a taimaka min. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, za a sake rufin kafin ruwa ya sauka, sai na ci karo da wata ambulan can ƙasan adakarsa cike da hotuna baƙi da fari. Yawanci irin na situdiyo ne, an sha babbar riga an dafa tebur mai fulawa, amma guda ɗaya ya fita daban, titi kawai aka ɗauka babu wanda ma ya kalli kyamara. Ina kyautata zaton tsakanin Fagge da Sabon Gari ne. Akwai ɗan sanda a tsakiyar mararraba yana ba da hannu, ga Fijo 404 ga wata gingimari an lafta mata buhuna, masu keke sun fi goma, jakuna biyu da mangala, da wata yarinya mai talla da faranti a ka tana shirin tsallakawa. A gefe akwai alamar hanya mai kusurwa uku a kan ƙarfe, sannan allon wani mai gyaran keke an rubuta 2/6 a jiki. Motocin duk a hannun dama suke tafiya kamar yanzu. A bayan hoton hatimin mai hoto ya goge, babu kwanan wata. Baffana ya dage wai tun zamanin Turawa ne, ni kuma raina bai ba ni ba. Ta ina ake gane irin wannan?

BabaDireba:
Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne yake danna min wayar ni ina faɗa. Ka gaishe da baffanka amma ka ce masa wannan karon bai canka ba. Idan dai motoci a dama suke to bayan canjin hannu ne, mu da muka fara ƙaren mota a hagu muka koya, irin na Ingila, har zuwa ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972 lokacin Janar Gowon, ran nan aka ce kowa ya koma dama. Turawa kuwa tun 1960 suka miƙa mulki, ka ga shekara goma sha biyu ke nan a tsakani. Ka duba gilashin Fijon nan da kyau ka ga ta wane ɓangare direban yake zaune, don wahalar da muka sha ke nan, hanya ta koma dama amma sitiyarin motocinmu yana nan a dama, in za ka wuce babbar mota ba ka ganin abin da ke tahowa sai yaron mota ya leƙa ta tagar hagu ya ce maka shiga ko kar ka shiga, ranka a bakin yaro ɗan shekara sha biyar. Motocin fasinja kuma ƙofarsu ta koma tsakiyar titi, sai da masu walda suka yi ta yanke ƙofa ana mayar da ita ɗaya gefen. Shataletale ma ya juya, da kana shiga ta hagu ka zaga, yanzu ta dama, ni kaina na fi wata guda in na doso shataletale sai na yi bisimilla da ƙarfi. Masu tafiya a ƙasa su suka fi ban tausayi, mutum ya saba ya waiga dama kafin ya sa ƙafa a kwalta, motar kuma yanzu ta hagu take fara zuwar masa. Yarinyar nan mai talla ka duba ina ta juya kanta.

Malama_Tarihi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ka ba mu rabin amsar. Ɗan'uwa sauran rabin yana jikin allon mai gyaran keken nan da ka wuce shi da sauri. 2/6 ai sule biyu da sisi ke nan, kuɗin fam da sule da kwabo. Naira ta fara aiki ne 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. To haɗa biyun: mota a dama, farashi a sule. Wata tara ne kacal a tarihin ƙasar nan da waɗannan biyun suka zauna tare, daga Afrilu zuwa Disamba 1972. In haka ne wlh ka yi tsintuwa.

Amma kar ka yi saurin buga ƙirji. Canjin hannu doka ce ta rana ɗaya, wanda ya ƙi bi mota ce za ta hukunta shi, shi kuwa allo babu ɗan sandan da zai kama mai gyaran keke don bai sake fenti ba, zai iya barin abinsa shekara biyu ko uku, mu da har yau tsofaffinmu suke cewa fam suna nufin naira biyu, jaka kuma naira ɗari biyu. Saboda haka ƙasan lissafin a tsaye yake, ba zai gaza Afrilu 1972 ba, saman ne yake lilo. Fijo 404 ba za ta raba gardama ba don tun 1960 ake ƙera ta kuma ta daɗe a hanya. Da dai za ka hango 504 da yawa a layin sai in ce ka matsa gaba, don kamfanin Fijo na Kaduna a 1975 ya fara haɗa motoci, daga nan ne ta cika gari.

Ita ma alamar ka ƙara mana bayani. Tsofaffin alamun Ingila, kusurwa ukun a can saman ƙarfe take ita kaɗai cikinta fayau, sai wani allo mai kusurwa huɗu a ƙasanta ɗauke da zane da rubutun Turanci. A 1965 suka koma irin wanda muka sani yanzu, zanen yana cikin kusurwa ukun babu dogon rubutu, don wanda bai iya karatu ba ma ya gane. Wacce iri ce a naka?

MaiHoto_Zariya:
Kafin a yi nisa ni tambaya ɗaya gare ni, ka tabbata ba a kife fim ɗin ba wajen wanki? Na gaji sana'ar nan wajen mahaifina kuma na sha ganin haka, a ɗakin duhu in ka sa fim a baibai hoton zai fito tas amma dama ta koma hagu, sai ka ga motar da ke hagu ta dawo dama, shi ke nan duk lissafin su Malama ya rushe baffanka ya ci gari. Gwajin ba wuya, ka nemi rubutun boko ko lamba a hoton, in 2/6 ɗin nan yana karantuwa daidai ba kamar a madubi ba to lafiya lau. Lambar mota ma haka.

Sannan don girman Allah kar ka kai shi a yi masa lamineshin, zafi da gam ɗin suna cin hoton kuma ba ya ɓaruwa. A yi maka sikanin mai kyau gaba da baya, ko hatimin da ya goge wani lokaci yana fitowa in an ƙara duhu a kwamfuta. Kuma ka rabu da manhajojin nan masu sa wa tsohon hoto kala, na gwada da wani hoton tasha, ta mayar min da rubutun jikin mota wasu haruffa da babu su a duniya, ta kuma yi wa wani dattijo sabuwar fuska. Abin da kake nema a hoton shi suke fara lalatawa.

In kana son abin kwatantawa, ma'ajiyar tarihi ta Ingila ta zuba hotunan zamanin mulkin mallaka a Flickr tun 2011 akwai na Najeriya a ciki, akwai kuma na Eliot Elisofon da ke Smithsonian a Amurka, da tarin E. H. Duckworth a jami'ar Northwestern. Sai dai za ka lura su baƙi hankalinsu yana kan dalar gyaɗa da marinar Ƙofar Mata da hawan salla, titi haka kawai da masu keke ba kowa ne yake ɓata fim a kansa ba, fim tsada gare shi. Nan gida kuma ka gwada tsofaffin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1972, a tambaya a Arewa House ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum, daga Maraɗi nike biye da ku. Mu nan Nijar ba mu taɓa canza hannu ba, dama muka gada wajen Faransa, haka Cadi da Kamaru da Dahome wadda ta koma Benin. Ku ɗai ne a tsakiya kuna bin hagu, shi ya sa ma canjin ya zama dole. Mahaifina yana jigila tsakanin Maraɗi da Katsina ta Jibiya, ya ce da in an ƙetare iyaka sai direba ya sauya gefe, kuma wanda ya kwana bisa hanya da gajiya shi ne ka mantawa da safe. Ghana ma sun bi sahu 4 ga Agusta 1974. Baba, har ƙasar Suwidin sun yi irin taku a 3 ga Satumba 1967, su ma ran Lahadi da asuba, akwai wani sanannen hoto na birnin Stockholm motoci sun cakuɗe tsakiyar titi kamar kasuwar dabbobi, in ka gan shi za ka san ba direbobin Kano kaɗai suka rikice ba.

Dan_Fagge:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ari gilashin ƙara girma wajen mai gyaran waya na ƙofar gidanmu na zauna da hoton kusan awa guda. MaiHoto, 2/6 yana karantuwa daidai, ba a kife ba. Baba, direban Fijon a dama yake zaune kamar yadda ka ce, hannunsa ma a waje ta tagar da ke gefen masu keke, yarinyar kuma dama ta waiga alhali gingimarin ta hagunta take tahowa, sai da gabana ya faɗi duk da abin ya wuce shekara hamsin. Malama, alamar tsohuwar ce mai allo a ƙasa, rubutun ne bai fito ba. Wani abu kuma da ban lura da shi ba da farko, akwai ruwa kwance a gefen kwaltar har inuwar jakin ta fito a ciki, ke nan da damina ne.

Baffa dai ya ce bai yarda ba sai ya gani da idonsa, wai tabaransa na wajen gyara.

Malama_Tarihi:
To saura ka gano daminar 1972 ce ko ta 1973. Akwai wata babba a gidan da za ta tuna shekarar da kakan naku ya fara zama a Fagge, ko wanda ya ba shi hoton?

Dan_Fagge:
Akwai Gwaggo, ƙanwarsa, tana Ɗambatta. Ita ba ta lissafi da shekarun boko, sai dai ta ce maka kafin canjin kuɗi ko bayan canjin kuɗi, wanda kuwa shi muke nema. Ranar Juma'a in sha Allahu zan kai mata hoton.