Baba ya fara mantuwa, ko kaska ce sanadi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan mahaifina. Shekararsa 67, ya fi shekara talatin yana sana'ar tumaki a kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya nan Makka. Mutum ne da in ya dafa gadon bayan rago zai faɗa maka kilo nawa zai yi. Yau wata biyar ke nan ya canja. Zai yi alwala ya zauna, can ya miƙe ya sake wata. Jiya ya riƙe riyal ɗari biyu yana ta juyawa, lissafin canji ya gagare shi, sai na ga idonsa ya ciko. Ɗaki na shige na yi kukana.

Kafin wannan ya yi zazzaɓin sati biyu bayan babbar sallah, kuma da hannuna na cire masa kaska a bayan gwiwa. Yayana ya ji an ce cizon kaska na kawo ciwon mantuwa. Mutanen gida kuwa sun ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Don Allah mai sani ya taimaka.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da yayanki ya ji ciwon Laim ne, sunan wani gari a Amurka inda aka fara lura da shi a 1975. Ƙwayarsa takan kai ga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa har mutum ya riƙa mantuwa, kuma tana jin magani. Sai dai kaskar da ke ɗauke da ita ta dazuzzukan Amurka da Turai ce, mai son danshi, kuma bincike bai tabbatar tana haddasa Alzaima, wato ciwon mantuwar tsofaffi, ba. Ta raƙuma da tumakin nan an fi saninta da zazzaɓin Alkhurma, wanda kan taɓa ƙwaƙwalwa shi ma, amma da zafinsa yake zuwa, wani har da zubar jini.

Ni saurin abin ne ya tsaya min a rai. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, shekara da shekaru. Wata biyar, kuma bayan zazzaɓi? Kada ku zauna. Baba yana shan ɗanyen nono? Humma maltiyya, wato zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi da ɗanyen nononsu, ta yi yawa a masu dabbobi, kuma takan hau kai. Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa, a auna humma maltiyyar, a auna bitamin B12 da sukari da gudda, wato ƙullutun maƙogwaro (thyroid), a ɗauki hoton kai.

Wani dattijo, Madina:
'Yata, sana'armu ɗaya da mahaifinki. Ki gaya wa yaran da ke taya shi su daina murje kaska da farce ko ɗiga mata kananzir. Matsefata za su sa, su kama dab da fata su ja a hankali.

Wata 'yar'uwa, Shari'a Mansur, Makka:
Na yi jinyar mahaifiyata. Ki rubuta ranar zazzaɓin da ranar kaskar a takarda, ki kwashe duk magungunansa a leda ki tafi da su. In ya maimaita tambaya ki amsa kamar yanzu kika fara ji, yana jin ciwon gyaran da ake masa.

Mai tambaya:
Anti, wallahi kullum da safe sai ya sha nonon raƙumi ba dafawa, ban taɓa kawo shi a raina ba. Na gode ƙwarai. Mun samu ganin likita ranar Lahadi, ku sa mu a addu'a.