Ga Google Summer of Code, ga jarabawa a Yuli: in nema ko in haƙura?

Ɗan aji uku:
Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. Yaren rubuta manhaja na Python na iya daidai gwargwado, na ɗan taɓa Django da ake gina shafukan intanet da ita, amma ban taɓa tura ko layi ɗaya cikin manhajar wasu ba. Wani abokina ne ya kwaɗaita min shirin nan na Google da ake haɗa mutum da jagora, ya yi aiki a manhajojin da aka bar kod ɗinsu a buɗe ga kowa, har a biya shi. Damuwata lokaci. A ƙasashen Turawa lokacin hutunsu ne, mu nan tsakiyar damina ce kuma muna aji. Tun yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022 kalandar makarantarmu ba ta koma daidai ba, bana jarabawa a Yuli za ta faɗo. Ga wuta, ga batirin kwamfutata da ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Yanzu muna Janairu. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah a ba ni shawara.

Yayarku a harkar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka nema, amma jarabawar ba ita ce abin tsoro ba.

Karon farko da na nema, sai da ya rage kwana 5 a rufe na zauna na rubuta takardun tsarin aiki guda 3, iyakar abin da aka yarda mutum ya tura a lokacin. Turanci ya zauna, jadawali ya tsaru, ina ta jin kaina. Ko ɗaya ba a ɗauka ba. Daga baya na gane dalili: masu dubawar ba su taɓa jin ɗuriyata ba. Google kuɗi take bayarwa, ƙungiyoyin da ke riƙe da manhajojin ne ke zaɓe, kuma wanda suka ga hannunsa suke zaɓa.

Da shekara ta zagayo, tun Disamba na liƙe wa ƙungiya ɗaya. Gyarana na farko abin dariya ne, umarnin girka manhajar ne ya tsufa, na sha wuya kwana 2 kafin ta tashi a kwamfutata, sai na gyara bayanin. Na biyu sau 4 ana dawo min da shi. A karo na ukun har na yi fushi na rufe kwamfuta, kashegari na karanta gyare-gyaren da sanyin rai na ga mai dubawar gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma ya zama jagorana.

Batun lokaci, ana sanar da ƙungiyoyi a Fabrairu, a karɓi takardu daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, sakamako a farkon Mayu. Aikin girma uku ne: kusan awa 90, awa 175, ko awa 350. Mako 12 aka saba, amma na awa 175 da na 350 ana iya ja har mako 22 in jagora ya yarda. Ɗauki na 175, ka rubuta ƙarara cewa makonni kaza kana jarabawa. Abin da jagora ba ya yafewa shi ne a neme ka a rasa.

Mai gyaran waya:
Hajiya ta gama magana. Ni kuɗin zan taɓo, don yara na jin dala ido ya rufe. Gwargwadon tsadar rayuwar ƙasarku ake biya, mafi ƙaranci dala 750, 1,500 da 3,000 bisa girman aikin. Kuma kashi biyu ake bayarwa ta Payoneer, kafar tura kuɗi ta intanet, na farko sai ka tsallake tantancewar da jagora ke yi a tsakiyar aikin. Ke nan kuɗin data da batir na makonnin farko daga aljihunka ne, kada ka ci bashi da sunan Google. Canja batirin nan tun yanzu. Kuma git, da ake ajiye gyare-gyaren kod da shi, ba ya buƙatar intanet sai lokacin turawa, yi aikinka, in an kawo wuta ka tura.

Ɗan aji uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, wace ƙungiya zan kama? Na kuma ji ana maganar Outreachy.

Yayarku a harkar:
Outreachy daban ne. Wata ƙungiya mai suna Software Freedom Conservancy ke riƙe da shi, dala 7,000 ne, sau biyu a shekara, Mayu zuwa Agusta da Disamba zuwa Maris, don waɗanda ake dannewa ko ba a cika gani a fagen fasaha ba. Sai dai suna son awa 30 a mako, kuma ɗalibi sai ya nuna kwana 42 a jere babu karatu. Da kalandarka ban ga ta inda za ka ɓullo ba.

Ƙungiya kuwa, buɗe jerin na bara ka tace da Python. Django kanta tana shiga, haka Wikimedia, masu Wikipedia ta Hausa. OpenMRS da ake ajiye bayanan marasa lafiya da ita a asibitoci, har a nan Najeriya, Java da React suka fi amfani da su, sai in kana son koyon sabo. Zaɓi biyu a daren nan, ka gwada girka su. Wadda ta ƙi tashi, kwafo saƙon kuskuren ka liƙa a nan mu duba tare.