Abin da na tsinto daga maganar zomaye da zafi

Jama'a maganar da ake yi kan yadda zafi ke damun zomaye da abin da za a ba su don rage illarsa ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda zomo ba ya iya fitar da zafi ta gumi, da kunne da haki yake rage shi. In zafi ya haura digiri 30 zaka ga ya miƙe a ƙasan keji kunnuwa sun yi ja, abinci ko kallo, girma ya tsaya.

2. Mafi yawa sun ce bitamin E da seleniyom (wani sinadari da jiki ke buƙata kaɗan) a abinci suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewar da zafi ke jawowa, amma seleniyom in ya wuce ƙima guba ne, don Allah a bi awon da ke jikin leda.

3. Bitamin C nan aka rabu. Wasu sun ce jikin zomo na haɗa nasa, wasu suka ce lokacin zafi ba ya isa shi yasa suke zubawa a ruwan sha, a riƙa canjawa kullum don saurin lalacewa yake. Ni dai na fi karkata ga masu zubawa a ruwan.

4. Kurkum da citta, ba a daidaita kan awon da za a ba zomaye ba.

5. Inuwa, iska, ruwa mai sanyi su ne farko, abinci kuma da asuba ko bayan faɗuwar rana.