Sienna 2005: in sa taimin bel mai araha ko in haƙura in nemi mai tsada?

Baban Ummi, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Toyota Sienna 2005 mai inji V6 3.3, 'yar Kwatano na saye ta. Da ita nake kai yara makaranta, da ita muke zuwa gida Bauchi daga Gombe ni da iyali. Kwanan nan ruwa ya fara ɗiga ta gefen inji, bakanikena ya ce wata-fam ne, wato famfon da ke zagaya da ruwan sanyaya inji, kuma tunda sai an cire taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, kafin a kai gare shi, gara a canza su tare. Mai shago ya fito min da kala uku: ɗan China, ɗan Beljiyam da aka ciro daga wani injin, sai na kwali mai sunan Aisin wanda kuɗinsa ya ninka na farkon. Motar ta tsufa, ga kuɗin makaranta a gaba. Don Allah idan na sa mai arahan, me zai iya faruwa?

Usta, Bauchi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gareji nake tun ina yaro, kuma a wannan wurin ba na yarda a yi tsimi. Injin motarka 3MZ ne. Idan bel ya tsinke ana tafiya, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, daga nan sai sauke kan inji, wani lokacin ma sai neman wani injin. Kuma ba lalle bel ɗin ne zai fara ba. Shi ne ke juya wata-fam, to idan boris ɗin famfon banza ya cije, sai ya ja bel ɗin su lalace tare. Ka ƙaddara hakan ta same ka tsakanin Bara da Alkaleri da tsakar rana, ga yara a mota.

Aisin ba baƙo ba ne a motarka, su ne ke ƙera wa Toyota wata-fam tun asali. A kwalin Aisin, bel ɗin na kamfanin Mitsuboshi ne, boris ɗin fuli kuma na Koyo. Ba sai kwali ya ɗauki tambarin Toyota ba. Ɗan Beljiyam kuwa ka manta da shi gaba ɗaya. Toyota ta ce a canza bel duk mil 90,000, wa zai gaya maka mil nawa wancan ya yi kafin ya hau jirgin ruwa? Roba ce, tana bushewa ko a ajiye take. A canza har tenshina mai ɗame bel ɗin, da sil masu tare baƙin mai na kam da na karanshaf, kuɗin aikin ɗaya ne. Da a ce taka 2007 ce zuwa sama, mai 3.5, da ba mu yi wannan maganar ba, ita sarƙa gare ta maimakon bel.

Direban Sharon, Tashar Dukku:
Usta na ji ka, amma kada a tsorata mutane. Mu 'yan haya da za mu jira orijina a komai, da mun ajiye motocin. Fanbel, tiyon lagireto, matatar iska, duk ina sa na China kuma ina zuwa Kano in dawo lafiya. Idan sun gaji ina gani da idona in canza. Inda na yarda da kai shi ne abin da ke ɓoye a bayan murfi, wanda ba ya ba da sanarwa. Gasket ɗin kai mai araha ya taɓa haɗa wa abokin aikina ruwa da baƙin mai, kuɗin aiki sau biyu ya biya.

Maman Sadiq, Jekadafari:
Baban Ummi, ni abin da ke damuna jabu ne. Maigidana ya sayi filogi a kwali mai sunan Denso da farashin orijina, ba a daɗe ba mota ta fara kakkarwa, ashe kwalin kawai aka kwaikwaya. Tsada ba shaida ba ce. Ka je da bakanikenka da tsohon famfon a hannu, a jera su a duba rubutun da ke jikin ƙarfen, a juya shi a ji ko yana gurza. Ka karɓi rasit, ku yi magana a kan mayarwa tun kafin ka biya. Idan babu amintacce a nan Gombe, a aika Ƙofar Ruwa a Kano wurin wanda aka sani.

Baban Ummi, Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Usta, kuɗin ba za su haɗu ba sai ƙarshen wata. Zan iya lallaɓa ta a cikin gari ina ƙara ruwa?

Usta, Bauchi:
Da son samu ne ka ajiye ta, yara su hau Keke Napep. Ruwan da ke ɗiga yana jiƙa bel ɗin, kuma famfon da ya fara yoyo boris ɗinsa na kan hanya. In ta kama dole, gajeren zango kawai, ka duba ruwa kowace safiya inji na sanyi, allurar zafi na hawa ka kashe. Bauchi kam ban yarda ba. Bayan gyara a zuba mata kulan, wato ruwan sanyaya inji, mai launin hoda, ba ruwan rijiya ba, kuma kada ka bari a cire maka tamostat mai daidaita zafin inji.