Sikanin biyu, rana biyu, kuma wai mabiyiya tana ƙasa

'Yar uwa (a ɓoye suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ina Anguwar Rogo a Jos, shekarata biyu da aure, na taɓa yin ɓari sau ɗaya bara, wannan ne ciki na biyu. Tun da na yi ɓarin nan uwar mijina ta sa min ido, komai na yi sai ta ce garin rawar kai ne na zubar da na farko, har facalata ma an ja ta cikin maganar, ita da muke zaman lafiya da ita kafin a raba mana tukunya. Ranar Asabar na ce wa maigida zan je gidan ƙawata barka a Rikkos, daga can muka shiga keke da ita zuwa wani wurin sikanin a cikin gari, don ita ta ce mutumin yana da sauƙin kuɗi kuma yana faɗin mace ce ko namiji. Mun sha sanyi a benci tun ƙarfe takwas, sai sha ɗaya aka kira ni. Ya shafa min man nan mai sanyi, ya goga abin a cikina ko minti biyar bai yi ba, ya juya yana magana da wani a waya, sannan ya ce mabiyiya tana ƙasa, in shirya ƙila aiki za a yi min. Na ce mene ne, ya ce in tambayi likitana. Kuma ranar haihuwar da ya rubuta 25 ga Maris ce, alhali a katina na awo 14 ga Maris aka rubuta. Wanne ne gaskiya? Ga shi an riga an yi magana zan tafi goyon ciki gidanmu idan na shiga wata bakwai. Ban faɗa wa maigida ba har yanzu. Ya zan yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raba lafiya 'yar uwa. Amma ba ki faɗi cikin wata nawa ba ne, kuma ita ranar 14 ɗin daga ina aka samo ta, sikanin ne ko lissafin al'ada?

Hajiyar Gangare:
Ke yarinya kwantar da hankalinki. Haihuwata tara, bakwai a ɗaki na haife su, ba wanda aka taɓa haska min. Wannan sikanin ɗin kasuwanci ne kawai, yau a ce miki ɗa a gicciye yake, gobe a ce ruwa ya yi yawa, jibi a ce wuƙa. Waye ya san ranar haihuwa in ba Allah ba? Ga shi nan ke da kanki kin ga sun ba ki rana biyu. Ki samu zuma da man habbatus sauda, ki riƙa kwanciya kina jingina ƙafafunki a bango bayan sallar asuba, mabiyiyar za ta koma inda take. Kuma ki daina yawan kai cikin ana haskawa, hasken nan yana taɓa yaro.

Amaryar Bukuru:
Hmm, ni kam sikanin ya taɓa kunyata ni. Sau biyu ana ce min namiji ne, Baban yara ya sayi rago babba, ya gaya wa duk abokansa na kasuwa, kayan jariri duk shuɗi. Ranar haihuwa sai ga mace. Wallahi kwana uku bai ɗauke ta ba, kamar ni na canza ta a hanya. Yanzu kuma ita ce 'yar gaban goshinsa, amma ni ban manta ba. Maza sai a barsu.

'Yar uwa (a ɓoye suna):
Maman Biyu, a lissafin kati sati 22 ne. Ranar 14 ɗin sikanin ne, na yi shi a asibitin da nake awo cikin watan Agusta, lokacin sun ce sati 9. Al'adata ba ta tsaya daidai ba tun bayan ɓarin, shi ya sa ban san ranar da na gani na ƙarshe ba. Ni ma mace ya ce min, amma wannan bai dame ni ba.

Ungozoma ce ni:
Ƙanwata, to yanzu kin ba da abin da ake buƙata. Riƙe 14 ga Maris. A farkon ciki, kafin sati 14, ana auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazauni, kuma a lokacin duk 'yan tayi kusan girmansu ɗaya ne, shi ya sa kuskuren lissafin ba ya wuce kamar kwana 5 zuwa 7. Daga baya kai da ciki da ƙashin cinya ake aunawa, wani yaron dogo wani gajere, sai kuskuren ya kai kwana 10 zuwa 14 a irin satinki, a watannin ƙarshe ma har sati 3. Don haka ba a goge ranar sikanin farko saboda na baya. Amma ki kai wa likitanki takardu biyun ya haɗa su, shi zai ce ko girman yarinyar yana tafiya daidai. Ita kanta ranar kiyasi ce, sati 40 cif, mata kaɗan ne ke haihuwa a ranar, daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne.

Maganar mabiyiya kuma, ana cewa tana ƙasa idan gefenta bai kai santimita 2 daga bakin mahaifa ba. Ana yawan ganin haka a sati 20 ɗin nan. Cikin mata goma da aka gaya wa haka, kusan tara idan aka sake dubawa ta yi sama, domin ƙasan mahaifa yana buɗewa yayin da ciki ke girma, sai ya ja ta nesa da baki. Ana sake dubawa a sati 32, in tana nan ƙasa a ƙara a 36, sai a lokacin ake yanke maganar aiki. Ba wanda zai iya yanke miki ita a sati 22. Me ya rubuta daidai, tana kusa da bakin ne ko ta rufe shi? Kuma kin taɓa ganin jini?

Hajiyar Gangare:
To ai kin ji, ita ma ma'aikaciyar ta ce komawa take yi. Abin da na faɗa ke nan, sai dai ni ban iya lissafin santimita ba. Ki yi abin da na gaya miki kawai.

Ungozoma ce ni:
Hajiya, da girmanki, ba abu ɗaya muka faɗa ba. Jingina ƙafa a bango ko zuma ba sa motsa mabiyiya, a manne take da jikin mahaifa. Girman cikin ne ke yi, kuma ba kowa yake yi wa ba. Wadda tata ta rufe baki, in naƙuda ta kama ta a gida jini ne zai ɓalle kafin ɗa ya fito. Sannan sikanin ba haske ba ne irin na hoton ƙashi. Sauti ne da kunne ba ya ji, yana shiga ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. An yi shekaru da dama ana yi wa masu ciki, ba a same shi da cutar da jariri ba.

Hajiyar Gangare:
Ku dai 'yan asibiti ba ku taɓa yarda wani ya san abu ba. Ƙanwar maigidana sai da aka tsorata ta da wannan maganar, ta sayar da ɗan kunnenta na gwal tana tara kuɗin aiki, ranar da abin ya zo ko keke ba a kai ga samowa ba ta haihu a tsakar gida. Waye ya mayar mata da ɗan kunnen? Mu da muka haihu kafin a kawo na'urar nan Jos, mutuwa muka yi?

Uwargida Farin Gada:
Ni abin da ke ƙona min rai a awo shi ne wulaƙanci. Ka fita tun asuba cikin sanyin nan, a karɓi kati, a ce ka sha ruwa leda uku kada ka yi fitsari, ka zauna mara kamar za ta fashe, sannan a ce an ɗauke wuta a jira a ta da janareto. Da na kasa riƙewa na zagaya, wata nas ta yi min tsawa gaban mutane kamar 'yarta, ta mai da ni ƙarshen layi. Tun daga ranar ban koma ba sai da haihuwa. Kada ku ga laifin yarinyar nan don ta je na waje.

Maman Biyu:
Ruwan nan ai na farkon ciki ne Uwargida, lokacin da mahaifa ke can ƙasa, mafitsara in ta cika ita ke sa a gani sosai. Da ciki ya fito ba a cika matsa wa mutum ba. Ni tagwayena sikanin ne ya nuna su a wata uku, da ban yi ba da ban san zan buƙaci komai biyu ba, kuma saboda shi aka riƙa duba hawan jinina a kai a kai. 'Yar uwa, shawarata ki gaya wa maigidanki yau ɗin nan, ki koma inda kike awo.

'Yar uwa (a ɓoye suna):
Ba za ku gane ba ne. In na gaya masa zai ce da izinin wa na je, ni barka na ce masa. Kuma duk abin da ya ji sai Mama, uwarsa, ta ji, in Mama ta ji an shiga uku, za ta ce ga shi nan na je na jawo wa jikanta. Ba don son yawo na je ba, a asibitin an rubuta min sikanin na wata biyar amma ranar da suka ba ni ta yi nisa, kuɗin kuma ya ninka na wajen. Anti ungozoma, takardar da turanci ce kuma rubutun hannu, ƙawata ta karanta ta ce ƙasa dai ya rubuta, ba lamba ko ɗaya.

Ungozoma ce ni:
Wanda aka rubuta miki ɗin shi ne babba, ana yin sa tsakanin sati 18 da 22, kina bakin ƙarshensa. Ba na minti biyar ba ne, yakan ci minti 20 zuwa 30, wani lokacin fiye in yaro ya ƙi juyowa. Ana bin kai da ƙwaƙwalwa, leɓe, ƙashin baya, ɗakuna huɗu na zuciya, tumbi, ƙoda, mafitsara, hannu da ƙafa, a duba yawan ruwa da inda mabiyiya take. Jinsi shi ne ƙarshen abin da ake nema. Ko shi ma ba ya ganin komai, amma ya fi wanda aka yi miki nesa ba kusa ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi awo sau 8, da sikanin aƙalla ɗaya kafin sati 24. Ki je wannan satin ki nuna musu takardar, in sun ga dalili za su matso da ranar, in ba su da mai yi za su tura ki asibitin koyarwa na Lamingo ko wani babban. Wataƙila su ce za su duba ta ƙasa da siririn abin, shi ya fi nuna tazarar mabiyiya da baki, kuma ba ya taɓa cikin. Har yanzu ba ki amsa min maganar jini ba.

Amaryar Bukuru:
Ta ƙasa kuma? Namiji ne zai yi? Tab. Ni da Baban yara ne da sai dai a fasa.

Ungozoma ce ni:
Kina da damar neman mace ta yi miki, ko mace ta tsaya a ɗakin, kuma ba a yi sai da yardarki.

Hajiyar Gangare:
Kun gani ko? Daga shafa mai an koma ta ƙasa. Yarinya, ki tattara ki tafi gaban uwarki kamar yadda aka tsara, ta dafa miki ruwan wanka, ta dama miki kunun kanwa. Ɗan fari a gida ake haihuwarsa, haka muka taras. Kada ki gaya wa miji komai, abin da bai sani ba ba zai hana shi barci ba.

Maman Biyu:
Ina ne gidan naku tukuna? Akwai asibitin da ake yi wa mutum aiki, ake kuma ƙarin jini, a kusa?

'Yar uwa (a ɓoye suna):
Wani ƙauye ne a ƙasar Toro, in an sauka a titi sai an hau babur kusan awa ɗaya. Akwai ƙaramin asibiti, yayyena duk a can suka haihu lafiya. Ba zan iya fasa tafiyar ba gaskiya, Innata ta riga ta gyara ɗaki, ta sayi itace, kuma in na zauna a nan Mama ce za ta yi min wanka, ni kuwa na san abin da zan sha a hannunta. Ƙarshen Disamba aka sa. Jini kuma sau ɗaya ne, satin da ya wuce, ɗan kaɗan ne a wando, ba ciwo ko kaɗan, kuma ranar na yi wanki da yawa na ɗauki bokiti, shi ne dalili.

Ungozoma ce ni:
Ƙanwata, jinin da ba ciwo shi ne irin na mabiyiyar ƙasa, kuma yakan fara kaɗan ya tsaya kafin ya dawo da yawa. Ban ce shi ne ba, amma wannan ba na jiran ranar awo ba ne, gobe da safe ki je, ki faɗi maganar jinin tun a bakin ƙofa. Kafin nan ba ɗaukar kaya, ba kwanciyar aure, kuma kada ki bar kowa ya sa miki hannu ya duba, ko ungozomar anguwa ce. In ya sake zuwa ko cikin dare ne a fita da ke. Sati 32 ɗinki tsakiyar Janairu ne, ƙarshen Disamba ba ki kai ba. Ki bari a duba tukuna, in ta hau sai ki tafi.

Uwargida Farin Gada:
Ba kwanciyar aure kuma ba ta gaya wa mijin dalili ba? Ai sai ya ce wani abin ne daban. Ni da na ce wa nawa likita ya hana, sati biyu ya yi yana cin abinci a waje.

Hajiyar Gangare:
Ɗigon jini a wata biyar wankin ciki ne, ni kusan kowane ciki sai na gani. Kada ku firgita 'yar mutane.

'Yar uwa (a ɓoye suna):
Na gode muku duka, Allah Ya saka. Gobe dai ba zai yiwu ba, ranar girkina ce kuma Mama tana gida, in na fita sai an tambaya. Ranar awona Alhamis ta sama, zan tafi da takardar in nuna. Tafiya kuma zan ga yadda ta kasance, ƙila in je in dawo a Janairu a duba, ai Toro ba nisa. Hajiya, zumar da safe ake sha ko da dare?